Yadda Ake Fara Ba Jariri Gyaɗa da Danginta, da Abin da ke Jawo Alajin Abinci

A shekarar 2000 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar cewa yaron da ake da alaji a danginsa kada a ba shi gyaɗa sai ya cika shekara 3. Birtaniya ta riga ta fitar da makamanciyar wannan shawara tun 1998. Da kyakkyawar niyya aka yi, don an ɗauka cewa idan aka nesanta yaro da abin, jikinsa zai yi ƙwari kafin su haɗu. Iyaye suka bi, amma alajin gyaɗa bai ragu ba. A Amurka, binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyaye ya nuna cewa tsakanin 1997 da 2008 yawan yaran da ke da shi ya tashi daga kashi 0.4 zuwa kashi 1.4 cikin ɗari. A 2008 ƙungiyar ta janye maganarta, kuma abin da likitoci ke faɗa a yau ya saɓa wa na da gaba ɗaya: a fara da wuri, a bayar yadda ba za ta shaƙe yaro ba, sannan a ɗore. Abin da ke damuna shi ne tsohuwar maganar har yanzu tana yawo a bakin mutane, kuma uwar da ta bi ta don tausayin ɗanta tana iya kusantar da shi ga abin da take gudu.

Me ke faruwa a cikin jiki

Alajin abinci kuskure ne na garkuwar jiki. Aikin garkuwa ta yaƙi ƙwayoyin cuta, amma a wasu yara takan ɗauki furotin ɗin da ke cikin gyaɗa ko ƙwai ko madara a matsayin abokin gaba. Sai ta ƙera wasu sinadarai da ake kira IgE, waɗanda ke zuwa su manne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata da hanji da hanyoyin numfashi. A wannan mataki babu abin da ake gani. Ranar da abincin ya sake shigowa ne waɗannan ƙwayoyi ke buɗewa su zubo wani sinadari mai suna histamin da ire-irensa, sai fata ta yi borin jini, leɓe ya kumbura, ciki ya murɗa, wani lokaci numfashi ya toshe. Yawanci cikin mintuna abin ke bayyana, da wuya ya wuce awa 2.

A raba wannan da rashin narkar da abinci. Wanda madara ke kumbura wa ciki saboda hanjinsa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta yana shan wahala, amma garkuwarsa ba ta shiga maganar ba, kuma ba zai shaƙe ba. Abincin da suka fi jawo alaji na gaskiya ba su da yawa: madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, ƙwallayen itatuwa irin su yazawa da almon, kifi, jatan lande da ƙaguwa, alkama, waken suya da riɗi. Su tara ɗin nan ne dokar Amurka ta wajabta a bayyana a jikin kwalin abinci, riɗi ne na baya-bayan nan da aka ƙara a farkon 2023.

Ta ina garkuwar ke yin wannan kuskure

Gado yana da hannu. Yaron da iyayensa ke da asma ko ciwon fata na egzima ko atishawar yanayi (alajin da ke sa atishawa da yoyon hanci) ya fi saurin samun alaji, ko da yake abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, ba alajin wani abinci takamaimai ba. Uba mai alajin kifi ba lallai ne ya haifi mai alajin kifi ba.

Amma abin da ya fi komai nauyi shi ne fata, kuma a nan nake so a tsaya a fahimta, don duk matakan da za su biyo baya a kansa suka ginu. Egzima ita ce ciwon fatar nan da ke sa kumatun jariri da lanƙwasar hannu da ƙafa su bushe, su yi kaushi, su riƙa ƙaiƙayi har su tsattsage. Lafiyayyar fata katanga ce, mai egzima kuwa katangarsa ta tsage. A 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sukotilan suka gano cewa tawaya a ƙwayar gadon da ke samar da wani furotin na fata mai suna filagirin tana da alaƙa mai ƙarfi da egzima. Furotin ɗin gyaɗa kuma ba a cikin kwano kaɗai yake zama ba. Ana samun sa a ƙurar gidan da ake cin gyaɗa, a kan tebur, a shimfiɗa, a hannun wanda ya gama ci ya ɗauki jariri. Idan ya shiga ta tsagaggiyar fata mai kumburi, garkuwa tana ɗaukar sa ɓarawo da ya hauro katanga. Idan kuwa ta baki ya fara shiga, hanji yana da nasa tsarin koya wa garkuwa cewa wannan abinci ne, a ƙyale shi. Farfesa Gideon Lack na King's College da ke Landan ne ya fito da wannan bayani fili. Shi da abokan aikinsa sun riga sun nuna tun 2003 cewa jariran da aka riƙa shafa wa mayukan fata masu man gyaɗa a ciki sun fi samun alajin gyaɗa.

Da wannan ake gane inda tsohuwar shawara ta kuskure: ta rufe ƙofar baki, ta bar tsagar fata a buɗe har shekara uku.

Akwai wasu dalilai da ake dangantawa da yawaitar alaji. Tun 1989 wani mai bincike a Birtaniya, David Strachan, ya lura cewa yaran da suka tashi cikin 'yan'uwa da yawa ba su cika samun atishawar yanayi ba, daga nan aka faɗaɗa tunanin cewa cuɗanya da ƙananan halittu tun ana jariri tana horar da garkuwa. An ga alaƙa tsakanin alaji da yawan ba jarirai maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke sauya halittun da ke zaune a hanji. Amma hujjar da ta fi ƙarfi, wadda kuma iyaye ke da iko a kanta, ita ce ta lokacin fara ci. Abin da uwa ta ci da ciki ko lokacin shayarwa ba shi ke jawo wa yaro alaji ba, don haka babu dalilin da zai sa ta ƙaurace wa gyaɗa matuƙar ita kanta ba ta da alajinta.

Binciken da ya juya lamarin

A 2008 Lack da George Du Toit suka kwatanta yaran Yahudawa mazauna Birtaniya da takwarorinsu na Isra'ila. Asali kusan ɗaya, amma alajin gyaɗa a Birtaniya ya ninka na Isra'ila kusan sau goma, kashi 1.85 da kashi 0.17 cikin ɗari. Bambancin da aka gano shi ne jariran Isra'ila suna cin wani abin ƙwalama na gyaɗa mai narkewa a baki mai suna Bamba tun ba su cika shekara ba.

Don a tabbatar, sai aka shirya gwajin da ake kira LEAP. An ɗauki jarirai 640 masu wata 4 zuwa 11, dukkansu masu egzima mai tsanani ko alajin ƙwai ko duka biyun, wato waɗanda suka fi kowa shiga haɗari. Aka raba su biyu, rabi suna cin aƙalla giram 6 na furotin ɗin gyaɗa a mako, rabi ba sa taɓa ta, har suka cika shekara 5. Sakamakon da aka wallafa a Fabrairun 2015 ya nuna kusan kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka hana sun samu alaji, masu ci kuwa kusan kashi 3 kacal. An ci gaba da bibiyar yaran, kuma a 2024 aka ba da rahoton cewa kariyar ta bi su har shekarun balaga: kashi 4.4 a ɓangaren da suka ci tun suna jarirai, kashi 15.4 a ɗaya ɓangaren.

Mataki na 1: ku san rukunin da yaronku yake

Jagorar da cibiyar binciken alaji ta gwamnatin Amurka ta fitar a Janairun 2017 ta kasa jarirai uku. Mai egzima mai tsanani, ko wanda ƙwai ya riga ya ba shi alaji, shi ya fi buƙatar farawa da wuri, tsakanin wata 4 zuwa 6, amma likita ya fara ganin sa. Yana iya yi masa gwajin jini ko na fata, ko ya sa a ba shi cokalin farko a gabansa. Mai egzima maras tsanani ya fara a gida wajen wata 6. Wanda ba shi da egzima ko wani alaji, a ba shi tare da sauran abincin da ake fara masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla har wata 6, kuma ga yawancin jarirai babu karo tsakanin maganganun biyu: da an fara abinci a wata na shida, gyaɗa ta shiga cikin makonnin farko. Fara ta kafin wata 6 magana ce ta rukunin farko, tare da likita. Kafin wata 4 kuwa ba a ba jariri abinci. Gargaɗi ɗaya ga iyayen mai egzima: kada jiran ganin likita ya ci watanni. Duk watan da ya wuce fatar tana ci gaba da haɗuwa da gyaɗa, bakin bai haɗu da ita ba.

Yaron da ya taɓa cin gyaɗa jikinsa ya nuna alama, ko aka riga aka tabbatar yana da alajinta, wannan jagora ba tasa ba ce. Kada a gwada masa a gida.

Mataki na 2: ku tabbatar ya isa cin abinci, ku kuma kula da fatarsa

Wuyansa ya tsaya, yana zama idan an tallafe shi, yana bin abinci da ido yana buɗe baki, kuma ya daina turo cokali waje da harshe. Kada gyaɗa ta zama abincinsa na farko. Ya fara sabawa da abu biyu ko uku masu laushi, kamar markaɗaɗɗiyar ayaba ko dafaffen karas, don ku san yadda yake haɗiya, kuma ku samu abin da za ku gauraya gyaɗar a ciki.

Idan yana da egzima a yi mata magani sosai, har da man da likita ya rubuta mai kwantar da kumburi. Iyaye da yawa suna tsoron wannan man suna shafa ɗan kaɗan, fatar ta zauna a tsage wata da watanni. Duk wanda ya ci gyaɗa ya wanke hannu da sabulu da ruwa kafin ya shafa wa jariri mai, don ruwan tsabtace hannu mai sinadarin barasa ba ya cire furotin ɗin. Kada kuma a shafa gyaɗa a fatar yaro da sunan gwaji. Ba ya nuna komai tabbatacce, kuma ita ce ainihin hanyar da ake gudu.

Mataki na 3: haɗa abincin

Ƙwayar gyaɗa, cikakkiya ko ɓari ko dakakkiya mai tsakuwa, ba ta yaro ƙarami ba ce. Hukumar lafiyar Birtaniya ta ce kada a bayar ƙasa da shekara 5. Yaro ƙarami bai iya tauna ta sosai har ta niƙu ba, hanyar iskarsa siririya ce, kuma ƙwaya ɗaya tana iya toshe ta ko ta gangara huhu. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai kauri ita ma haɗari ce idan aka ɗebo ta da cokali haka nan, don tana mannewa a maƙogwaro.

Ga yadda ake yi. A samu gyaɗar da aka markaɗa ta yi sumul, babu gishiri, babu sukari, babu zuma, don zuma ba ta jaririn da bai cika shekara ba ce. A ɗebi cokalin shayi 2, a zuba cokalin shayi 2 zuwa 3 na ruwan zafi, a dama har ta saki ta zama ruwa-ruwa, a bari ta huce. Ana iya sassauta ta da nonon uwa ko da markaɗaɗɗen abincin da ya saba ci. Wannan adadi yana ɗauke da kusan giram 2 na furotin. Idan garin gyaɗa mai laushi ake da shi, cokalin shayi 2 a cikin babban cokali 2 na abincinsa ya yi daidai da haka. Wadda za ta niƙa da kanta ta tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canza launi ko ta yanƙwane, saboda gubar aflatoksin da ke illata hanta, sannan ta tankaɗe garin.

Mataki na 4: ranar farko

A zaɓi ranar da yaro yake lafiya lau, babu mura, babu zawo, babu zazzaɓi. A yi a gida, da safe ko da rana, lokacin da babba ɗaya zai iya sa masa ido na awa 2 ba tare da wani aiki ya ɗauke hankalinsa ba. Kada a bayar dab da barci. Kada kuma a haɗa da wani sabon abinci a ranar, don idan wani abu ya faru a san mai laifi. Mai egzima a kumatu, a shafa masa ɗan man Vaseline a kewayen baki kafin a fara.

A zaunar da shi a miƙe. A ɗan lakato a bakin cokali a ba shi, sai a jira minti 10. Idan babu komai, a ci gaba da ba shi sauran a hankali yadda ya saba ci. Ba dole ne ya cinye ba, kuma ba a yi masa ɗura.

Mataki na 5: abin da za a duba

Ɗan jan da ya tsaya iya inda abinci ya taɓa fata, ya kuma gushe bayan an goge, sau da yawa ba alaji ba ne, tumatir da lemo ma suna yin haka. Alamar alaji mai sauƙi ita ce borin jini 'yan kaɗan a fuska ko kewayen baki, ko ɗan kumburin leɓe ko fatar ido. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba, don haka a shafa a ji ko wurin ya tasa. Idan an ga haka a dakatar da abincin, a ɗauki hoton wurin, a tuntuɓi likita a ranar, kuma kada a sake bayarwa sai ya duba shi.

Mai tsanani, wanda ake kira anafilaksis, yana zuwa da ɗaya ko fiye daga cikin waɗannan: tari mai maimaituwa, numfashi da ƙyar ko da ƙara, dushewar murya ko canjin kuka, kumburin harshe, amai a kai a kai tare da borin jini ko'ina, leɓe da tafin hannu su koɗe, ko yaro ya yi laƙwas ya saki jiki farat ɗaya. A nan ba a jira a ga abin da zai biyo baya. Maganinsa allurar adiranalin ce a gefen cinya ta waje. Idan likita ya riga ya ba ku irin wadda ake dannawa, ku yi ta nan take, sannan ku kira motar asibiti ko ku nufi asibiti mafi kusa. Idan minti 5 ya wuce babu sauƙi ana ƙara ta biyu. A riƙe jariri a kwance a hannu, kada a tsayar da shi, idan yana amai a juya shi gefe. Maganin ƙaiƙayi na sha yana kwantar da fata ne kawai, ba ya buɗe hanyar numfashi. Ko yaro ya warware bayan allura sai an kai shi asibiti, don abin yana iya dawowa bayan awoyi. Ya kamata in faɗa don kwanciyar hankali cewa a jarirai alamomin karon farko sun fi tsayawa a fata da ciki, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa farawa da wuri ya fi aminci.

Akwai wani nau'i na daban da ba ya zuwa da borin jini: amai mai yawa bayan awa 1 zuwa 4 da cin abincin, yaro ya galabaita. Shi ma na asibiti ne.

A kuma bambance yunƙurin amai da shaƙewa. Jaririn da ke koyon ci yakan yi kakari, ido ya kawo ruwa, ya turo abincin waje da kansa, wannan ba komai ba ne. Wanda ya shaƙe shiru yake yi, ba kuka ba tari. A kifa shi a kan hannu kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5, a maimaita, wani kuma yana neman taimako.

Mataki na 6: ɗorewa

Nan ne aka fi faɗuwa. Iyaye sukan ba da gyaɗa sau ɗaya, su ga lafiya, su yi hamdala, sai wata uku ya wuce ba a sake ba. Ci ɗaya ba ya koya wa garkuwa komai mai ɗorewa, yaran LEAP shekaru suka yi suna ci duk mako. Wani gwajin da aka yi a Birtaniya, mai suna EAT, wanda aka wallafa a 2016 da jarirai 1,303, ya nuna haka ƙarara: amfanin ya fito ne a wajen iyalan da suka iya ba da adadin da aka tsara a kai a kai. Abin da ake nema shi ne kusan giram 6 na furotin a mako, wato wancan haɗin na cokali 2 sau uku. Ku tsayar da ranaku uku a mako ku rubuta su inda za ku gani. Idan yaro ya yi rashin lafiya aka tsallake mako, a koma da zarar ya warke.

Sauran ƙwallaye

Gyaɗa dangin wake ce, a ƙasa take yin 'ya'ya, don haka jure mata ba ya nufin an jure wa na itatuwa. Yazawa, almon, walnot, hazelnot, fistashiyo da fikan kowanne a gabatar da shi shi kaɗai, a niƙe sumul a sassauta, da irin matakan da suka gabata, a bar 'yan kwanaki tsakanin ɗaya da ɗaya. Furotin ɗin yazawa da na fistashiyo sun yi kama sosai, haka walnot da fikan, don haka wanda ɗaya ya ba shi alaji a ɗauka ɗan'uwan ma zai iya, har sai likita ya tantance. A fi mai da hankali kan waɗanda ake ci a gidan, don su ne ke cikin ƙurar da ke taɓa fatarsa. Bayan an gwada kowanne lafiya, ana iya niƙa su tare a riƙa barbaɗa garin a abincinsa. Ƙwai ma kada a jinkirta shi, amma dafaffe sosai, ba ɗanye ko mai ruwa-ruwa ba.

Idan aka tabbatar yaro yana da alajin ɗaya, kada a janye masa sauran da yake ci lafiya, don janyewar tana iya buɗe ƙofar sabon alaji. A guji gwaje-gwajen da ake tallatawa masu auna IgG, wani sinadarin garkuwa daban da IgE, su fito da dogon jerin abincin da wai ba ya jituwa da jiki, ƙungiyoyin likitocin alaji ba su yarda da su ba, kuma suna sa a takure cimar yaro a banza. Yawancin yara suna rabuwa da alajin madara da na ƙwai yayin da suke girma, na gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi, na ƙwallayen itatuwa ƙasa da haka. Saboda haka likita yakan sake auna yaron bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma idan alamu sun yi kyau, a asibiti ake ba shi abincin kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, da adiranalin a kusa.